Amfanin 'Yartsana da Mutum-mutumin Tarihi Wajen Koyar da Yara: Darasi Daga Kayan Nok na Kudancin Kaduna

1.0 Gabatarwa

Ɗaya daga cikin matsalolin da malaman Hausa na makarantun firamare suka daɗe suna kuka da su ita ce ƙarancin kayan koyarwa. Manhaja ta tanadi cewa a koya wa yaro sauraro da magana da karatu da rubutu, a kuma fahimtar da shi al'adu da sana'o'in gargajiya, amma sau da yawa abin da malami yake da shi bai wuce allo da alli ba. Wannan matsala ta ƙara tsananta a fannin tarihi, domin tun daga shekarar karatu ta 2009/2010 aka cire Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar ilimin bai-ɗaya, sai a watan Nuwamba na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da dawo da shi. Ke nan, akwai ɗalibai na fiye da shekara goma da suka wuce ta firamare ba tare da sun san abin da ya gudana a ƙasar da suke takawa ba, kuma wasu daga cikinsu su ne malaman aji a yau.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu yi bayanin yadda 'yartsana da mutum-mutumi masu ɗauke da labarin tarihi za su taimaka wajen cike wannan giɓi a darasin Hausa. Mun ɗauki Kafanchan da kewayenta a matsayin misali saboda dalilai biyu. Na farko, a wannan yanki ne aka gano kayan Nok, waɗanda suke cikin mafi daɗewar sassaƙe-sassaƙen yumɓu a Afirka kudu da Sahara. Na biyu, yanki ne mai harsuna da yawa, inda Hausa take zaman harshen cuɗanya a kasuwa da tasha da wuraren ibada, alhali yara da yawa suna tashi da harshen Jju ko Tyap ko Hyam ko Gworok ko Fantswam a gida.

2.0 Ma'anar 'Yartsana da Mutum-mutumi

'Yartsana ita ce surar mutum ƙarama da ake yi domin wasan yara, musamman mata. A gargajiyance, Hausawa suna yin ta da karan dawa ko ƙashi ko tsummoki, a yi mata kitso da zare, a ɗaura mata ɗan ƙyalle. Yarinya takan goya ta, ta yi mata wanka, ta dafa mata tuwon ƙasa, har a yi bikin aurenta tsakanin ƙawaye. Su kuwa yara maza sukan gina shanu da dawaki da raƙuma na laka, su ƙera motar kara, su hau dokin kara. Duk wanda ya lura da waɗannan wasanni zai ga cewa kwaikwayon rayuwar manya ake yi, kuma harshe ne yake tafiyar da su, domin yarinyar da take rarrashin 'yartsanarta tana maimaita kalmomi da karin maganar da ta ji daga bakin uwarta ne.

Mutum-mutumi kuwa ya fi faɗin ma'ana. Ya ƙunshi duk wata sura da aka yi mai kama da mutum, tun daga wanda ake kafawa a gona don korar tsuntsaye da birai, har zuwa wanda aka sassaƙa da itace ko dutse ko aka gina da yumɓu. A wannan maƙala, abin da muke nufi da 'yartsanar tarihi shi ne duk surar da yaro zai iya riƙewa a hannunsa, wadda aka yi ta da siffa da tufafi da kayan aikin wani zamani da ya shuɗe, aka kuma haɗa ta da labarin rayuwar mutanen wannan zamani.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Kayan Nok

Nok ƙauye ne na al'ummar Ham a Ƙaramar Hukumar Jaba, kusa da Kwoi. A 1928, masu haƙar kuza a wurin wani Bature mai suna Kanar Dent Young suka tono wani ɗan ƙaramin kai na gasasshen yumɓu, aka kai shi Jos aka ajiye ba tare da an san darajarsa ba. A 1943 aka sake samun wani kan a wurin haƙar kuza da ke yankin Jema'a. Wani ma'aikacin wurin ya tafi da shi gida, ya ɗora shi a kan mutum-mutumin gonarsa ta doya, inda ya yi kusan shekara yana korar ɓarayin gona. Daga baya aka kai shi wurin Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanta ilimin kayan tarihi a Jami'ar Kambirij. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakanin wannan kai da wanda aka samu a Nok, ya fahimci cewa al'umma guda ce ta yi su, ya kuma raɗa wa al'adar sunan ƙauyen da aka fara gano ta. Irin waɗannan kayayyaki suna cikin abubuwan da suka sa aka buɗe Gidan Adana Kayan Tarihi na Jos a 1952.

Haƙe-haƙen da Fagg ya yi a Taruga, kusa da Abuja, a shekarun 1960 sun bankaɗo murhunan narka tama sama da goma tare da gutsattsarin mutum-mutumi, abin da ya nuna cewa mutanen Nok sun san ƙira. An kuma samu kayansu har Katsina-Ala a Jihar Binuwai. Daga 2005, masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Peter Breunig, tare da haɗin gwiwar Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, suka yi shekaru suna bincike a yankin Janjala na Ƙaramar Hukumar Kagarko. Sakamakon wannan aiki ya nuna cewa al'adar Nok ta faro ne wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, an fara gina mutum-mutumin wajen 900 kafin Miladiyya, narka tama ya biyo baya, sannan al'adar ta gushe wajen farkon Miladiyya. An gano cewa gero da wake su ne manyan abincinsu, suna kuma amfani da atili. A 2021 aka buga sakamakon gwajin da masana daga Jami'ar Bristol suka yi wa gutsattsarin tukwanensu, inda aka ga alamar kakin zuma a kusan kashi ɗaya cikin uku na tukwanen da aka samu burbushin maiƙo a jikinsu. Wato shekara kusan 3,500 ke nan mutanen wannan yanki suna ɗibar zuma.

Dangane da siffa, mutum-mutumin Nok yana da babban kai, da ido mai kusurwa uku wanda aka huda tsakiyarsa, da kitso ko gyaran gashi iri-iri, da tarin duwatsun ado a wuya da hannu da ƙugu. Ana murza yumɓu ne dogo-dogo a riƙa ɗora shi zagaye-zagaye kamar yadda ake ginin tukunya, a bar cikin fanko, kuma hujin ido da hanci da baki yana taimaka wa iska ta fita a lokacin gashi. Akwai surorin mutane a zaune da a durƙushe, da na dabbobi kamar biri da giwa da maciji, har da waɗanda suke nuna masu fama da ciwo.

Wajibi ne a nan mu yi wani tsokaci. Mutum-mutumin Nok ba kayan wasan yara ba ne. Binciken masanan Frankfurt ya nuna cewa galibinsu an farfasa su ne aka binne a ramuka, wasu kusa da wuraren da ake kyautata zaton kaburbura ne, don haka masana suna danganta su da al'adun binne mamaci da tunawa da magabata. Abin da muke ba da shawara a kai shi ne a yi kwaikwayonsu a aji a matsayin kayan koyarwa, a kuma gaya wa yara gaskiyar abin da aka sani game da asalinsu.

4.0 Misalai Daga Wasu Ƙasashe

Amfani da 'yartsana wajen karanta tarihi ba sabon abu ba ne. A 1889, masu haƙar harsashin gini a birnin Rum sun tono kabarin wata budurwa mai suna Crepereia Tryphaena, tare da 'yartsanarta ta hauren giwa mai gaɓoɓin da suke motsi. Irin kitson da ke kan 'yartsanar, wanda ya yi daidai da na matan sarakunan Rum na ƙarni na biyu Miladiyya, ya taimaka wajen gane zamanin da yarinyar ta rayu. A Japan, ranar 3 ga Maris ta kowace shekara iyalai sukan jera 'yan tsana masu tufafin fadar sarakunan dā, ta haka yara suke sanin muƙamai da suturar wancan zamani.

A Amurka, wata tsohuwar malamar makaranta mai suna Pleasant Rowland ta kafa kamfanin da ya fito da 'yan tsanan American Girl a 1986. Kowace 'yartsana tana wakiltar yarinya 'yar kimanin shekara tara daga wani zamani na tarihin ƙasar, misali 1854 ko 1904 ko 1944, kuma tana zuwa da littattafan labarinta. A 1993 aka ƙara da Addy, yarinyar da ta tsere daga bauta a 1864. Hikimar wannan tsari ita ce an ba da tarihi ta idon yaro sa'an mai karatu, an kuma fara da abubuwan yau da kullum: me take ci, me take sawa, wane aiki take yi wa iyayenta. Illarsa kuwa ita ce tsada, domin kaya ne na kasuwanci da ba kowane gida yake iya saye ba.

Akwai kuma batun kamanni. A shekarun 1940, Kenneth Clark da matarsa Mamie Clark sun gwada yara baƙar fata a Amurka da 'yan tsana farare da baƙaƙe, suka tarar da yawancin yaran sun fifita farar. Kotun Ƙolin Amurka ta yi la'akari da wannan bincike a hukuncinta na 1954 da ya haramta wariyar launin fata a makarantun gwamnati. A nan gida Nijeriya, irin wannan damuwa ce ta sa Taofick Okoya ya fito da 'yan tsanan Queens of Africa a Legas a 2007, masu kamanni da suturar Hausa da Ibo da Yarabawa. Darasin da muka ɗauka shi ne, surar da yaro yake wasa da ita tana gaya masa wane ne ya cancanci a ba da labarinsa. Yaron Kwoi ko Kagoro ko Zonkwa da bai taɓa ganin wani abu daga ƙasarsu a cikin littafi ba, yana iya tashi da zaton cewa tarihi a wasu wurare kawai aka yi shi.

5.0 Amfanin 'Yartsanar Tarihi ga Yaro

5.1 Sauƙaƙa fahimta

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. Masanin ilimi Jerome Bruner ya bayyana a 1966 cewa yaro yana kama ilimi ta hanyoyi uku: ta aikatawa da hannu, ta ganin sura, sannan ta alamomi irin su kalmomi da lambobi. Kafin shi, masanin Rasha Lev Vygotsky ya kawo misalin yaron da ya hau sanda ya kira ta doki, ya nuna cewa a wannan wasa ne yaro yake fara koyon ɗora ma'ana a kan abin da ba shi ba ne, wanda shi ne tushen karatu da rubutu. Dokin karanmu ke nan. Idan malami ya ce wa ɗan aji huɗu mutanen Nok sun rayu shekara 3,500 da suka wuce, lambar ba ta nufin komai a wurinsa. Amma idan aka kawo igiya mai ƙulli 35, kowane ƙulli shekara ɗari, aka ɗaura mutum-mutumin manomin gero a farkonta, aka nuna masa cewa zuwan jirgin ƙasa Kafanchan a 1927 yana kusa da ƙulli na ƙarshe ne, samun 'yancin kai na 1960 kuma yana bayansa, to zai ga nisan zamanin da idonsa.

5.2 Bunƙasa harshe

Mutum-mutumi guda yana iya ɗaukar darussa da dama na manhajar Hausa. Daga siffarsa za a koyi sunayen sassan jiki da kalmomin siffantawa, kamar dogo da gajere da ƙato da siriri. Daga adonsa za a koyi kitso da tsakiya da murjani da awarwaro da jigida. Daga yadda aka yi shi za a koyi aikatau irin su kwaɓa, murza, gina, huda, shanya, gasa. Daga rayuwar masu shi za a shiga sana'o'in gargajiya: noma, ginin tukwane, ƙira, ɗibar zuma, tare da kayan aikinsu kamar zugazugi da uwar maƙera da masaba. Bayar da labarinsa kuma yana tilasta wa yaro amfani da shuɗaɗɗen lokaci da kalmomin jeranta aukuwa, irin su da farko, sannan, bayan haka, daga ƙarshe. Ga yaron da Hausa take harshensa na biyu, wannan ya fi haddar jerin kalmomi, domin kowace kalma tana manne da abin da ya taɓa.

Har ila yau, an lura cewa yaro mai kunya ya fi sakin baki idan yana magana da yawun 'yartsana, saboda kuskuren da ya yi ba a kansa idon 'yan aji yake ba. Wannan hanya ce mai sauƙi ta shigar da wasan kwaikwayo cikin darasi.

5.3 Koyon bambanta tatsuniya da tarihi

Yaranmu sun saba da tatsuniya, sun san cewa idan aka ce “Ga ta nan, ga ta nanku” to Gizo da Ƙoƙi na tafe, kuma ba a neman hujja. Tarihi kuwa yana tafiya da hujja. Tun da mutanen Nok ba su bar rubutu ba, kayansu sun dace ƙwarai da koya wa yaro tambayar nan mai muhimmanci: ta yaya aka sani? Muna ba da shawarar malami ya kasa duk abin da za a faɗa kashi uku. Kashi na farko shi ne abin da aka tono aka gani, misali ƙwayoyin gero da suka ƙone da murhun narka tama. Kashi na biyu shi ne abin da masana suka fahimta daga wannan, misali cewa mutanen manoma ne kuma maƙera. Kashi na uku shi ne abin da 'yan aji suka ƙirƙira don labarin ya yi daɗi, misali sunan yarinyar da ke cikin labarin da abin da ta ce wa kakarta. Yaron da ya saba da wannan rabe-rabe tun yana ƙarami zai fi iya tantance jita-jita idan ya girma, ga shi kuwa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

5.4 Ƙarfafa zaman tare

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wannan yanki ya sha fama da rikice-rikice, kamar na Kafanchan a 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011. A irin wannan wuri, darasin tarihi yana buƙatar taka-tsantsan. Kayan Nok suna da wata fa'ida a nan: sun girmi duk masarautu da iyakokin da muka sani a yau, sun girmi zuwan Musulunci da Kiristanci wannan ƙasa, kuma sunan Nok na wurin da aka fara gano su ne. Don haka ɗan Bajju da ɗan Atyap da ɗan Ham da Bahaushe da Bafulatani duk suna iya tsayawa a gabansu a matsayin gadon ƙasar da suke zaune a cikinta tare. Muna kuma ganin ya dace a duk lokacin da aka koyi kalmar Hausa, misali tukunya ko zuma ko gero, malami ya nemi yara su faɗi sunan abin a harsunansu na gida, a rubuta a allo gefe da gefe. Ta haka Hausa za ta zama gada tsakanin harsunan, kuma iyaye ba za su ɗauki darasin a matsayin mai danne harshensu ba.

5.5 Kare kayan tarihi

A shekarun 1990 an yi mummunan haƙar sata a wuraren Nok, aka yi safarar kayayyaki masu yawa zuwa Turai da Amurka. A 2000, Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A wannan shekarar ce kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce kan wasu mutum-mutumin Nok da aka baje a gidan tarihi na Louvre a Faris, har aka kai ga yarjejeniyar 2002 inda Faransa ta amince cewa mallakar Nijeriya ne, aka bar mata su a matsayin aro na shekara 25. Doka mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi, ta hana sayar da irin waɗannan kaya ko fitar da su waje ba da izini ba. Sai dai doka ba ta kwana a gona. Manomi ne yake cin karo da su idan yana huɗa, kuma 'ya'yansa ne suke zaune a ajinmu. Abin da ya kamata yaro ya sani shi ne, da zarar an tumɓuke mutum-mutumi daga inda yake, an ɓata gawayi da gutsattsarin tukwane da ke kewaye da shi, to an shafe hujjar da za a gane shekarunsa da ita, ko da daga baya an dawo da shi.

6.0 Yadda Za a Aiwatar a Aji

Muna ba da shawarar a tsara wannan aiki don aji huɗu zuwa shida na firamare, cikin mako huɗu. A mako na farko, malami ya nuna hoton kan Jema'a, ya ba da labarin yadda ya tashi daga ramin kuza zuwa gonar doya zuwa gidan tarihi, yara su siffanta abin da suka gani da baki. A mako na biyu, a gayyato mai ginin tukwane daga cikin gari ta nuna yadda ake kwaɓa yumɓu da murza shi, kowane yaro ya gina nasa, a shanya a inuwa. A nan malami yana iya fito da takardar naira ashirin ya nuna hoton Ladi Kwali, domin yara su ga inda wannan sana'a ta kai mai ita. A mako na uku, a kasa yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya raɗa wa mutum-mutuminsa suna, ya tsara labarin yini guda a rayuwarsa, tare da kiyaye kashi ukun da muka ambata. A mako na huɗu, a gabatar da labaran a gaban aji, sannan kowa ya rubuta gajeren insha'i.

Bayan Nok, ana iya faɗaɗa tsarin da 'yan tsanan ƙyalle da kara masu wakiltar wasu zamunna: ma'aikacin reluwe a mahaɗar Kafanchan, da mai haƙar kuza, da mafarauci a bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu, da jaji mai malfa daga cikin 'yan tarun Nana Asma'u (1793–1864). Duk kayan da ake buƙata, wato yumɓu da kara da tsumma da zare, ana samun su a kowane ƙauye ba tare da kashe kuɗi ba.

7.0 Matsalolin da Za a Iya Fuskanta

Babbar matsala ita ce ta fahimtar iyaye, domin wasu, Musulmi da Kirista, za su ji tsoron kada a koya wa 'ya'yansu yin gumaka. Wannan damuwa ce da ta cancanci a saurare ta. A ɓangaren Musulunci, ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha (R.A.) ta yi wasa da 'yan tsana, kuma Alƙali Iyal, mai littafin Ashafa, ya tafi a kan cewa an keɓance 'yan tsanan yara daga hanin da aka yi game da surori. A ɓangaren Kiristanci, an fahimci hanin da ke cikin Littafin Fitowa a kan yin sura domin a bauta mata. Duk da haka, bai kamata a tilasta wa kowa ba. Yaron da iyayensa ba su amince ba yana iya gina tukunya ko murhun tama ko kwalekwale ko rumbu, kuma zai samu amfanin darasin daidai da saura. Ya kyautu shugaban makaranta ya yi bayani a taron iyaye da malamai kafin a fara.

Matsala ta biyu ita ce ta horar da malamai, tun da da yawansu ba su karanta tarihi ba. Ta uku ita ce cunkoson ɗalibai da ƙarancin lokaci a jadawali, wanda za a iya rage shi ta haɗa darasin Hausa da na fasaha da na tarihi a wannan aiki. Ta huɗu ita ce yanayin tsaro da kuɗin mota, waɗanda suke hana kai yara ziyara gidajen tarihi na Nok da Kaduna da Jos.

8.0 Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da waɗannan shawarwari:

(a) Masu tsara manhaja su sa kayan Nok cikin batutuwan al'ada da sana'o'i na darasin Hausa a manyan azuzuwan firamare.

(b) A wallafa ƙananan littattafan karatu masu hoto cikin Hausa, kowane ɗaya yana ba da labarin yaro guda daga wani zamani, tare da shafi na ƙarshe mai bambanta abin da aka tabbatar da abin da aka ƙirƙira, a kuma fassara su zuwa harsunan yankin.

(c) Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta samar da kwaikwayon mutum-mutumin Nok da hotuna a cikin akwatin da za a riƙa ba makarantu aro.

(d) Sassan Hausa da Tarihi da Fasaha na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su haɗa kai wajen koya wa ɗaliban malanta yin waɗannan kayan koyarwa da hannunsu.

(e) A riƙa shigar da sarakuna da shugabannin addini da masu ginin tukwane cikin shirin tun daga farko.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala mun yi bayanin ma'anar 'yartsana da mutum-mutumi, mun kawo taƙaitaccen tarihin kayan Nok da misalai daga wasu ƙasashe, sannan muka nuna amfaninsu wajen sauƙaƙa fahimta, da bunƙasa harshe, da koyon neman hujja, da ƙarfafa zaman tare, da kare kayan tarihi. Mun ga cewa abin da wasu ƙasashe suke kashe maƙudan kuɗi su ƙera a masana'anta, mu muna da asalinsa a ƙarƙashin gonakin Jaba da Jema'a da Kagarko, muna kuma da yumɓu da masu sana'ar da za su koya wa yara kwaikwayonsa. Abin da ya rage shi ne manhaja ta ba shi gurbi, a kuma horar da malamin da zai kai shi aji. Da tsohuwar zuma ake magani.